Layin da Na Tsara a Gidan Gwaggo

Ni 'yar fari ce, don haka ban girma a ɗakin mahaifiyata ba. Ana yaye ni a Birnin Tsaba aka kai ni Ƙauran Namoda wurin yayar babana. Ita ta riƙe ni, ita ta sa ni makaranta. Mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je gida hutu, sai ta ce wa ƙannena, “Ku ba waccan tuwo,” tana kallon bango. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, kuma na san in na juya baya idonta yana bina har zaure. Na fara da wannan ne don kada a ce rashin sani ne ya jawo abin da zan faɗa.

Gwaggo mai ɗori ce, ta gada wurin kakana. A da mata kaɗan ke zuwa wurinta, domin akwai wani tsoho a bayan tashar jirgi da ya fi ta suna. Da aka ƙaddamar da shari'a, jiharmu tana sabuwa, sai mata suka daina kai ƙafa da kafaɗa wurin namiji. Ban ji an yi shela a kan haka ba, abin dai ya juya da kansa. Cikin 'yan watanni tsakar gidanmu ta koma kamar gidan suna. Suna zuwa daga Ɗan Isa, daga Shinkafi, daga ƙauyukan Zurmi da rugagen da ban ma san sunansu ba, wannan da karaya, waccan da targaɗe, wata da yaron da ya faɗo daga tsamiya.

Gwaggo ba ta da layi. Tana aiki a cikin ɗakinta, da tabarma da kwanon man shanu da ƙullin karare da ta fere da wankakkun tsummoki. In ta gama da mutum ɗaya, sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta fito bakin ƙofa tana goge hannu, ta bi tsakar gida da kallo a hankali kamar mai duban wata. Sannan ta nuna da haɓa ta ce, “Ke, taho.” Wani lokaci wadda ta nuna yanzu ta shigo, ko numfashi ba ta mayar ba. Waɗanda suka zo da sassafe sai su hau gunaguni.

“Haba Iya, mu fa tun da sahe muna nan!”

“Na gane ki,” in ji Gwaggo. “Wadda ka iya hwaɗa tana iya jira.”

Sai a yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wata rana har sai da aka raba wasu mata biyu. Ni kuwa ba na son hayaniya tun ina ƙarama. In aka ɗaga murya, sai in ji kamar ni na yi laifi.

Lokacin ina shekara ta biyu a foli, kwalejin kimiyya da fasaha, ina karatun kwamfuta. Kwamfutocin ba su da yawa, kuma galibi suna lulluɓe da farin ƙyalle suna jiran a kawo wuta, don haka yawancin umarnin da muke koyon rubutawa a takarda muke rubuta shi. Malaminmu wani siririn mutum ne mai yawan tari, kullum da alli a gemunsa. A zangon nan yana koya mana hanyoyin da ake jera bayanai a cikin na'ura. Ya fara da tari, inda ake ɗora abu a kan abu kamar kwanonin jere, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Ban so wannan ba. Na tausaya wa kwanon ƙasa.

Ranar wata Talata ya zana akwatuna takwas a allo, kafaɗa da kafaɗa, ya ja kibiya biyu a ƙarƙashinsu. Ɗaya ya rubuta mata gaba, ɗaya baya. Ya ce wannan shi ne layi, kuma dokokinsa ba su da yawa. Sabon zuwa ta baya kaɗai yake shiga. Mai fita ta gaba kaɗai yake fita. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita. In ka aika takardu goma zuwa injin bugawa, haka suke tsayawa, ta farko ta fito kafin ta biyu. Ya ƙara da cewa na'urar ba ta ganin kowa sai na gaba. Ba ruwanta da na tsakiya har sai kibiya ta iso kansa.

“Ko gwamna ne ya zo,” ya ce yana kakkaɓe hannu, “bayan na ƙarshe zai tsaya.”

Aji ya ɗauki shewa. Zamani ne da kowa ke zancen adalci, a masallaci da kasuwa da rediyo. Ni ban yi shewa ba, kallon allon kawai nake yi. Akwatunan nan sun yi mini kyau kamar sahun sallah. Babu faɗa a cikinsu, babu wanda zai ce an yi masa son kai. Duk hanyar komawa gida ina tafe ina ganin tsakar gidanmu ta yi tsit.

Na samo kwalayen sabulu na yayyanka, na rubuta lamba a kan kowane. Na nuna wa Gwaggo.

“Mi na wannan kuma, 'yar boko?”

Na yi mata bayani. Duk wadda ta shigo zan ba ta lamba. Ita Gwaggo ba sai ta riƙa tashi tana fitowa ba, ga gwiwoyinta suna damunta. Ta zauna a ɗaki, ni zan riƙa turo mata su ɗaya bayan ɗaya.

Ta juya kwali ɗaya a hannunta, ta shinshina. “Ƙamshi dai gare shi.” Sannan ta ce, “To. Na gaji da bakin matan ga. Gwada mu gani.”

Ranar Asabar ce, cikin bazara. Tun hantsi zafi ya sauko, inuwar dogon yaron da ke tsakar gida ta tsuke, mata suka taru a ƙarƙashinta. Kuma abin ya yi aiki. Wannan shi ne abin da har yau yake mini wuyar faɗa. Babu wadda ta ɗaga murya. Waɗanda ba su iya karanta lamba ba sai su miƙo mini kwali in duba. Wata 'yar Shinkafi mai raha ta ce, “Yau gidan Iya ya zama banki.” Na ji daɗi har na ɓoye fuska a mayafi.

Rana ta ɗan ɗaga sai wata Bafillata ta yi sallama a hankali. Doguwa ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Tana rungume da wata yarinya mai kamar shekara bakwai, da kitso mai wuri da jan murjani a wuya. Ta kwantar da ita a jikin katanga inda 'yar inuwa ta rage, ta gyara mata zane. Sannan ta tashi ta koma can kusa da turmi, ta zauna, ta ba yarinyar gefe.

Na je wurinta da kwalayena. “Sannu da zuwa. Daga ina?”

“Gaban Zurmi.”

“Me ya same ta?”

“Saniya ta ɗan taɓa ta.”

“Ɗiyarki ce?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. “Ta gidanmu ce.”

Na koma na duba yarinyar. Hannuwa lafiya, ƙafafu lafiya, babu kumburi, babu jini. Ba ta kuka. A daidai lokacin wani yaro mai lamba ta tara yana tsala ihu da wuyan hannu a karkace, uwarsa tana jijjiga shi. Na ce a raina wannan ta katanga da sauƙi, ga shi ma wadda ta kawo ta ba ta damu ba. Ko da ma ta damu, doka ɗaya ce. Na ba matar lamba ta goma sha bakwai. Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle a bakin zane.

Sau uku yarinyar ta nemi ruwa. Ba da baki ba, da ido take bin randa, sai na kai mata a moɗa. Leɓunanta sun yi fari kamar ta ci gari. Da na ɗaga kanta don ta sha, na ji goshinta da sanyi da laima, a ranar da bangon ma ba ya taɓuwa don zafi. Na ɗauka inuwa ce. Ta sha, ta kwanta, ta ci gaba da kallon ganyen dogon yaro. Na tuna na yi tunanin yarinyar tana da natsuwa, irin tawa, har na yi mata murmushi. Matar kuwa ko sau ɗaya ban ga ta juyo ba. Ban kuma tsaya na ga abin da idonta yake yi in na juya baya ba.

Gwaggo ba ta fito ba ranar nan. Ta yi yadda na ce. Daga cikin ɗaki nake jin muryarta tana tofi, tana tsokanar masu raki, tana cewa, “Ta gaba!” Aka yi azahar, muka ci abinci a tsaitsaye, muka ci gaba. Sha huɗu. Sha biyar. Ta sha shida wata tsohuwa ce da kafaɗarta ta goce, ta ɗauki lokaci.

Ana gab da la'asar na kira sha bakwai. Shiru. Na sake kira. Jikin katanga babu kowa, sai sawun inda aka kwanta a ƙasa.

“Bahillatar nan?” in ji 'yar Shinkafi, wadda aka gama da ita amma ta zauna hira. “Ai ta tahi tun kuna sallah. Goya ɗiyar ta yi, ƙahwahunta na reto har gwiwa.”

Na shiga na gaya wa Gwaggo cewa ta sha bakwai ta gaji ta tafi, zan kira sha takwas. Na faɗa a matsayin labari kawai. Tana wanke hannu a ƙwarya, sai ta tsaya.

“Mi ya samu ɗiyar?”

“Wai saniya ce ta ɗan taɓa ta.”

“Ina?”

Ban tambaya ba.

“Tana neman ruwa?”

“Sau uku.”

“Ita wadda ta kawo ta, ina ta zamna?”

“Can wajen turmi. Ta ce ba ɗiyarta ba ce, ta gidansu ce.”

Gwaggo ta dube ni. Ba da fushi ba, da ma fushin ne. Ta dube ni kamar tana jiran in ji abin da bakina ya faɗa. Na kuwa ji. Na ga bayan matar nan, na ga gefen fuskarta da ta ba yarinyar, na gane zaman. Zaman da aka yi mini ne duk rayuwata.

“Kuma ta goye ta gaban mutane,” in ji Gwaggo a hankali. “Ɗiyar hwari. Ɗauko min mayahi.”

Ta bar mata bakwai a tsakar gida da kwalaye a hannu. A lokacin mace ba ta hawa kabu-kabu, motar mata mai hoton hijabi a ƙofa kuwa sai an yi sa'a. Da ƙafa muka tafi, Gwaggo tana ɗingishi tana dafa kafaɗata. Muka fara zuwa asibiti, aka duba mana, ba a kawo yarinya irin wannan ba. Muka wuce tasha. 'Yan kamasho suka ce motar Zurmi ta daɗe da tashi, kuma e, akwai wata Bafillata da goyon babbar yarinya a kujerar baya.

A hanyar dawowa Gwaggo ta zauna a kan wani kututture don ta huta. Jirgin ƙasa ba ya zuwa sosai a shekarun nan, awaki ne ke kiwo a tsakanin ƙarafan dogo. Tana kallon su ta ce, “Wagga ba tawa ba ta. Saniya in ta samu ciki, jini ciki yaka zuba. Da na gane ta, da na ce a wuce asibiti tun da hantsi.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ranar nan da bayanta. Kashegari ta koma fitowa bakin ƙofa. Kwalayen kuwa ban san wanda ya hura wuta da su ba.

Ranar Litinin aka kawo wuta, aka yaye wa kwamfutoci ƙyalle, aka ce kowa ya gwada layin da ya rubuta. Na shigar da lambobi daga ɗaya zuwa ashirin da huɗu, yawan matan ranar Asabar. Na fitar da su ta gaba, ɗaya bayan ɗaya, komai ya tafi daidai. Sai na sake shigar da su, na nemi yadda zan cire sha bakwai daga tsakiya. Babu. Ban rubuta wannan umarni ba, domin layi ba shi da shi. Na ɗaga hannu na tambayi malam: in wani ya bar layi daga tsakiya fa?

“Layin bai sani ba,” ya ce. “Sai an zo kansa a kira.”

Ya ga ban gamsu ba, sai ya nuna mini wani abu. Ya sa na buga duk abin da ke cikin akwatunan bayan na fitar da kowa. Na zaci zan ga babu komai. Sai ga lambobin duka suna nan a jere, koraye a kan baƙin gilashi. Ya ce fitarwa ba gogewa ba ce. Kibiyar ce kawai take matsawa gaba. Abin da ke cikin akwati yana nan zaune har sai wani ya zo an rubuta a kansa. Na daɗe ina kallon sha bakwai har ta kusa da ni ta taɓa ni ta ce lokacina ya ƙare.

Kashegari Talata, mako guda cif da darasin farko, malam ya shigo ya goge allo ya ce yau za mu ga wani layi dabam, layi mai fifiko. A wannan, kowane abu yana shigowa da nauyinsa, kuma na'ura takan duba duka ta ɗauki wanda ya fi gaggawa, ko da yanzu ya iso. Ya ce wancan na makon jiya ya dace da injin bugawa da gidan mai. “Amma kada wani a cikinku ya je ya kafa shi a inda ake kawo marasa lafiya. Wannan ko kakata ta sani.” Aka yi dariya. Na rubuta duk abin da ya faɗa da kyakkyawan rubutu, ban tsallake kalma ba.

Daga nan na daina iya zama a tsakar gida da rana. In inuwar katanga ta kai daidai wurin nan, sai in ji kamar ana kallon randa. Na riƙa ce wa kaina mai yiwuwa ta warke. Yara suna da ƙarfi. Mai yiwuwa a Zurmi an kai ta asibiti. Da safe nakan yarda da haka, da azahar kuma in kasa. Abinci ya daina shiga. Gwaggo ta zuba mini ido har mako uku. Ranar kasuwar Zurmi ta tashe ni da sassafe ta ce, “Shirya. Rashin sani ya hi ciwo cin mutum.”

Masu nono suna zama a gefen kasuwa, ƙarƙashin wata babbar bishiya, kowace da ƙwaryarta da faifai a kai. Muka bi su a hankali. Ni na fara ganin ta, ta biyu daga ƙarshe, tana kaɗa nono da ludayi. Ba kowa a gefenta, amma ai ba kowa ke zuwa kasuwa da yara ba. Na ja hannun Gwaggo.

“Me zan ce mata?”

“Ba a tambayar uwa ɗan hwari. Gaishe ta za ki yi.”

Gaisuwa biyu ce, kuma dole in zaɓi ɗaya. Na durƙusa a gabanta. Ta ɗago, ta gane ni, ta ce, “Sannu, malama.” Muka gaisa, gida lafiya, shanu lafiya, jam, jam, irin gaisuwar Fulani. Sannan na tattara abin da ya rage mini na ce, “Ya mai jiki?”

Ludayin ya tsaya. Ba ta ce da sauƙi ba. Ta zuba ido a cikin ƙwarya.

Gwaggo ta dafa ni ta sauka ƙasa da ƙyar, ta zauna a gefen tabarmar matar, ta gyara mayafi. Ta ce, “Ya haƙuri?”

“Haƙuri sai godiya,” in ji matar.

Muka ɗaga hannu, Gwaggo ta yi addu'a, matan da ke kusa suka ajiye ludayi suka shafa tare da mu. Can matar ta yi magana, ba ni take kallo ba, ba Gwaggo ba.

“A mota ne. Ba mu yi nisa ba. Ban faɗa ma direba ba, kada ya sauke mu a hanya.”

Daga Ƙaura zuwa Zurmi, a kujerar baya, tsakanin mutane da buhuna. Na buɗe baki. Ina so in ce mata ni ce. Ni na hana tsohuwar nan fitowa, ni na ba ki kwali, da an gan ta tun da hantsi. Ina so ta sani, ta zage ni ko ta yafe mini, ko wanne ne zan karɓa. Har na ce, “Ranar nan, ni ce na...” sai na ji hannun Gwaggo a gwiwata, hannun nan mai mayar da ƙashi mazauninsa. Ta matse.

“Ba a kawo ma mai makoki kaya,” ta ce ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji. “Naki na. Riƙe abinki.”

Na rufe baki. Wani mutum ya zo da kwano yana tambayar ko nonon na yau ne. Matar ta ce na yau ne, ta ɗaga faifai. Na taimaki Gwaggo ta miƙe, muka yi sallama, muka nufi tasha.